Sallau Mai Lodin Tsuntsaye

Wai ko mutanen ƙauye ma sun rasa aiki a shekarar korona? Wannan tambayar ƙoshi ce. Da da yunwa kuka zauna a gabana, da ba ta fito daga bakinku ba. Kuna tsammanin ƙauye wata duniya ce daban da aka kewaye da katanga? Birni in ya yi tari, a kanmu yake tofarwa. Ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni.

Da aka ce kowa ya kulle, kasuwarmu ta daina ci. Motocin da ke zuwa ɗibar tumatir suka ɗauke ƙafa, ya ruɓe a kwando har awaki suka gaji da shi. Sai kuma ga 'yan cirani sun kwararo gida, ba a lokacin dawowarsu ba: mai shayi, mai faskare, ɗan ga-ruwa, ɗan acaɓa, kowa da ƙullin kayansa da dogon labari. Fartanya ɗaya hannu goma. In mai gona ya ce yana neman 'yan ƙwadago, kafin ya rufe baki ƙofar gidansa ta cika.

A cikin waɗanda suka dawo har da Sallau. Shi ɗan kamasho ne a wata babbar tasha a birni, irin masu tsayawa a gindin mota suna kiran fasinja. Tun yana saurayi abin da ya iya ke nan. Murya kamar ta jaki, tafin hannu kuwa laushi kamar na mai jego. Ya je ban-ruwa, aka ce an riga shi. Ya je cirar ciyawa, kafin rana ta take hannayensa biyu sun yi bororo, ya dawo yana hura su kamar wanda ya taɓa garwashi. Ga mata da 'ya'ya, ga rumbu ba ko zangarniya. Surukinsa ya aiko cewa su riƙa zuwa cin tuwo a gidansa har Allah ya kawo sauƙi. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Sallau ya gwammace ya ci ƙasa da a gan shi tsugune gaban akushin suruki, bayan duk sallar duniya shi ke zuwa da shadda yana raba goro.

Sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin gwaggonsa Kande, ƙanwar ubansa, wadda ke da 'yar gonar shinkafar rani a fadama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, me ka iya ban da ihu?"

"Gwaggo, ihun ma ai ba kowa ya iya ba."

"To Allah ya taimake ka, ihun nake nema. Shinkafata ta fara nono, tsuntsayen nan janbaki sun sa ta a gaba. Ka kore mini su har a yanke, abincinku yana wuyana, kuma in an sussuka kana da rabo."

Korar tsuntsu kun san aikin yara ne. An zagaye gona da igiya, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Kai dai ka zauna a rumfa, tsuntsu ya sauka ka ja igiya ka yi ihu. Sallau ya haɗiye girmansa ya karɓa.

Da farko ya yi abin kirki. In ya buɗe maƙogwaro, har tsuntsayen gonar maƙwabta sai sun tashi. Amma da aka kwana biyu sai abin ya fara ba shi haushi. Tsuntsu uku su sauka, ya ja igiya. Kafin ya zauna wasu biyu sun sauka, ya sake ja. Ya ce a ransa, wannan ai wahalar banza ce, shi ya sa ƙauye ba ya ci gaba, komai ba tsari. Mutumin da manyan direbobi ke jiran ya ɗaga hannu kafin su tada mota, shi ne zai riƙa zabura saboda tsuntsu biyu? Ya yanke shawara zai gyara aikin yadda masana suke yi.

Ku rufe bakunanku, ƙuda zai shiga. Ina kai ƙarshen nan kowa ya nufi shimfiɗarsa, ba na son in ji "sai kuma aka yi yaya".

Da hantsi Kande ta taho da ƙwaryar fura a ka. Tun daga nesa ta ga gonarta ta canza launi. Shinkafa ta sunkuya, tsuntsu a kan tsuntsu, sai cacaniya kamar gidan biki. Ga Sallau tsaye a bakin rumfa, igiya a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu, yana leƙa nan yana leƙa can.

"Sallau, hannun naka ne ya shanye?"

"Lafiyarsa lau, Gwaggo. Taka a hankali, kada ki firgita su."

"Kada in firgita su. To kai me na kawo ka yi?"

"Gwaggo, aikin nan tsari yake so. Ku da an samu biyu uku sai ku ja igiya, ƙarfi yana tafiya a banza. Mu a tasha ba a tada mota da rabin mutane. A bari ta cika, a sallame su gaba ɗaya."

Kande ta sauke ƙwaryar ta ajiye a inuwa.

"Yanzu da sauran wuri ke nan?"

"Kaɗan ya rage, Gwaggo. Gaba ta cika, tsakiya ta cika. Wajen gindin giginyar can ne da ɗan sarari."

Ta miƙa hannu ta zare igiyar daga nasa, ta naɗa a nata.

"Ni a ganina lodi ya yi, ɗan nan, saura mutum ɗaya. Sa takalmanka, in na ja ku tashi tare."