Goyon da Ya Tona Min Asiri a Kawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman allurar tazarar haihuwa a ɓoye ba. Lokacin ina goyon ɗana na uku, Sadiƙ, kuma duk kwanika na yi ta yi, kafin in yaye wannan wani cikin ya shiga. Na rame har zobe ya daina zama a yatsana. Ni da maigidana mun gama magana, ya amince. Matsalar ita ce Hajiya, mahaifiyarsa, wadda kullum addu'arta Allah Ya cika mata gida da jikoki. Ga matan unguwa suna ta cewa allurar tana kashe mahaifa. Sai muka ce a yi abin shiru.

Na ƙi zuwa asibitin kusa da mu a Unguwar Shanu, don can kowa ya san kowa. Na ari niƙabi wurin maƙwabciyata (ni da ban taɓa sakawa ba, ina tafe ina tuntuɓe), na goya Sadiƙ, na hau Keke Napep har Kawo.

Ina zaune kan benci ina jiran layi, ina yaba wa kaina dabara, sai yaron ya fara zillo a bayana yana ɓangala dariya. Na waiga. Hajiya ce a bencin baya, ta zo awon hawan jini. (Ashe can take zuwa, ɗanta bai taɓa faɗa min ba.) Na rufe fuskata ruf, na manta da fuskar da ke bayana.

Ta leƙa ta dube shi, ta dube ni. "Baiwar Allah, ina kika samo jikana?"

Maimakon in ja bakina, sai na kumbura murya na ce ai kama ce kawai, ikon Allah. Daidai nan malamar asibiti ta fito ta ƙwala kiran sunana har da na mijina, ta ce mai tazarar haihuwa ta shigo. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta miƙo hannu. "Kwanto min shi, ki shiga kar layinki ya wuce."

A hanyar komawa gida, kaina a sunkuye, ta ba ni labarin yadda ita ma kwanika ta wahalar da ita, har ta rasa ɗa guda tsakanin maigidana da ƙanwarsa. Ta ce ta daɗe tana ganin ramar da nake yi, kunyar surukuta ce ta ɗaure mata baki. Ta tambaya ko ɗanta ya sani, na ce ya sani. Ta ce to zai gamu da ita, da ya bar ni na zo ni kaɗai da goyo.

Tun ranar na gane cewa wanda kike ɓoye wa magana, wani lokacin shi ma kunyarki yake ji. Kuma in za ki yi ɓad-da-kama, 'yar'uwa, kar ki goya shaida.