Ranar da Na Cire Fedar Kekena

Da aka ɗaura wa kekena inji a Daura, sai na ga feda ta zama abin kunya. Na ce wa bakanike ya kwance ta.

Ya ce, "Malam, bar ta dai saboda wata rana."

Na ce, "Ka taɓa ganin babur da feda?"

Washegari na nufi ƙauyen kawuna wajen Mashi, na yanke ta daji. Na wuce wani dattijo a amalanken shanu, na ɗaga masa hannu kamar ɗan takara. Rana na tsaka inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare, ruwan gorata ma haka, waya ba sabis. Na yi ta turi har harshena ya bushe.

Ban taɓa jin sauti mai daɗin ƙarar amalanken nan ba. Dattijon ya ba ni ruwa, ya ƙare wa keken kallo, ya ce, "Ɗana, ina ƙafafunsa?"

A kan buhunan gero muka shiga gari, ni da keken, kawu yana ƙofar gida.

Har yau in na tayar da inji, maƙwabcina sai ya leƙo cikin ladabi: "Malam, a ɗaura shanu su biyo ka, ko yau kusa za ka?"