Mai Neman Izini a Ɗakin Malam

"Lafiya lau nake, in ban da ganinka. Shigo mana, Kunnuwa, amma ka karkace, kada kunnuwan nan su maƙale a ƙofa."

"Au, har yanzu kina nan? Ni na ɗauka zan tarar ana rabon gado, har buhu na taho da shi."

"Ka rufe fuskarka da buhun, jama'a su huta."

Haka suke gaisawa tun yana ɗan tatsitsi. Kunnuwa direban babbar mota ne, kuma shi ne jikan da Kaka take kira mijinta, wanda a cewarta ta aura bisa kuskure. Ranar da yamma ya shigo gidan, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, babu wuta, falon ya yi duhu. Jibi yana da jarrabawar Turanci a wani kamfanin jigilar kaya, kuma abin da ya kayar da shi bara shi ne ƙananan kalmomin nan da ake sakawa gaban aikatau, su can da may da must. Marigayi kakansa, Malam, ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci, kuma yana da wani koren littafi a kansu. Shi Kunnuwa ya zo nema.

"Littafi? Jibi jarrabawa, yau kake neman littafi? Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ke ina ruwanki? Turancin da kika sani bai cika cokali ba."

"Shekara hamsin na kwana da Turanci a ɗaki ɗaya. Kai fa? Karanta min abin da ya kayar da kai in ji."

"Can iyawa ce. Must dole. Should ya kamata. May kuma…" Ya sosa ƙeya. "May wani lokaci neman izini, wani lokaci wataƙila."

"Kalma ɗaya baki biyu? Ai wannan munafuka ce, irin dangin ubanka."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin idonsa ya saba da duhun ya fara ganin falon sosai. Kayan Kaka ne a ƙasa kashi-kashi: zannuwa nan, kwanuka can, keken ɗinkinta an naɗe shi da bargo. Kowane kashi an ɗaure shi da tsumma mai launi daban.

"Tashi za ki yi? Ko wani tsohon ne ya yi miki alkawari za ki gudu ki bar ni?"

"Shara nake yi."

"Shara da ɗaurin kaya?"

"Littafin yana ɗakin Malam," ta ce, ba ta dube shi ba. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta ajiye a kan tebur. "In kai namiji ne je ka ɗauko."

Ɗakin Malam yana ƙarshen wani siririn lungu, bayan kicin. Tun ranar da aka fita da shi zuwa asibiti, wata goma sha huɗu ke nan, ba wanda ya buɗe shi. Kunnuwa ya ɗauki mabuɗin yana kaɗa shi a yatsa.

"Me ke ciki? Ɓera? Ni da nake kwana a daji da mota."

"Kana kwana a daji da ƙofa a kulle, kana kiran uwarka a waya. An gaya min."

Sai ƙwan fitilar lungun ya ƙyafta sau biyu ya kama, jawur, kamar bai so ba. An kawo wuta. Kunnuwa ya buɗe baki zai mayar mata da magana, ya ga ta miƙe tsaye, ta dafe bango.

Daga ƙarshen lungun, bayan rufaffiyar ƙofar, wani ya yi gyaran murya.

"May I come in?"

Muryar namiji ce, mai kauri, a natse. Kunnuwa ya san gyaran muryar nan. Da shi ake tsayar da hayaniyar jikoki a gidan shekara da shekaru. Mabuɗin ya zame daga yatsansa ya faɗi.

"May I come in?"

"Kwana biyar ke nan," in ji Kaka a hankali. "Kullum war haka. Da ya fara sai in toshe kunne in fita tsakar gida." Ta yi ƙoƙarin murmushi. "To, miji na gari, ina bakin? Ko ya bi mabuɗin ƙasa?"

"Kin… kin gaya wa su Baba?"

"In gaya musu su ce tsufa ya taɓa min kai, su kwashe ni su kai gidan wani in zauna a kusurwa kamar tsohuwar tabarma? Kai na jira. Kai ne ba ka da hankalin da za ka ce wani ba shi da shi. Me yake cewa?"

"Izini yake nema. Wai ko zai iya shigowa."

"Yana ciki, yana neman izinin shigowa? Shigowa ina?"

Kunnuwa ya sunkuya ya tsinci mabuɗin.

"Ka ce kalmar baki biyu gare ta. Da wanne ya yi magana?"

"Na izinin. Ai in tambaya ce, izini ne." Shi kansa ya yi mamakin yadda abin ya zo masa.

"To da sauƙi. Mai neman izini ana iya ce masa a'a. Da ma shi mutum ne mai ladabi, ba irinka ba, da kake faɗo wa mutane gida kamar akuya."

Suka taka zuwa bakin lungun, ita tana riƙe da gefen rigarsa, shi yana riƙe da mabuɗin da ya tsinto. Ƙasan ƙofar ɗakin baƙi ne, ba haske ko kaɗan. Wari irin na tsofaffin takardu yana fitowa ta nan.

"It might rain today," in ji muryar.

A daidai lokacin aka yi tsawa can nesa, iska ta buga tagar kicin.

"Me ya ce?"

"Wai… mai yiwuwa a yi ruwa yau."

"Ka ji ko? Yana kabari ya fi ka sanin gari."

"Ke tsohuwa, ki bar wasa!"

"In na bar wasa kuka zan yi, kai kuma ba ka iya lallashi ba. Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta aure ka sai ni."

Shiru ya biyo baya, mai tsawo, kamar ana jiran a ba da amsa. Sannan:

"You should not be afraid."

"Wai bai kamata ki ji tsoro ba."

"Ni ko kai? Ji yadda gwiwarka ke kaɗawa kamar injin motar nan taka."

"I will wait for you."

Kunnuwa ya sunkuyar da kai. Ta ja rigarsa. "Faɗi."

"Zai jira ki."

"Wataƙila ne, ko tabbas?"

"Will ne. Tabbas."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. A lokacin ne ya fahimci kashin kayan nan da ke falo, da tsummokaran masu launi, kowane launi na ɗa ɗaya. Kwana biyar tana zaune ita kaɗai tana jin mijinta yana magana da harshen da ba ta ji, tana fassara wa kanta.

"You must come now."

"Me ya ce?"

"Ya ce dole ki ba ni littafin nan, ki ƙara min da keken ɗinki."

"Ƙarya kake, Kunnuwa." Muryarta ta sauka. "Na san kom. Shekara hamsin ina jin kom. Kai kuma da bakinka ka ce mos dole ce. Dole in zo, ko ba haka ba?"

"You must come now," muryar ta maimaita, ba gaggawa, ba fushi.

Kaka ta saki rigarsa. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta taka ɗaya zuwa ƙofar.

Bai san lokacin da ya sha gabanta ba. Ya buga ƙofar da tafin hannu, ya ɗaga murya, Turancin ya zubo masa kamar an fasa tulu.

"She cannot come! She must stay here! She will not go with you!"

Shiru. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗis, ɗis.

"Good," in ji muryar. "Very good. Again."

"Wai… wai na yi daidai. In sake."

"Karon farko a rayuwarka, kuma sai da matacce ya shaida."

Kafin ya sami abin cewa, aka ji ƙarar ƙofa tana buɗewa, ƙiiii, a cikin ɗakin. Amma ƙofar da ke gabansu ko motsi ba ta yi ba. Sai muryar mace ta fito daga ciki, da Hausa tsantsa, mai kaifi:

"Malam, ruwan wankanka zai huce, kana nan kana hira da akwati."

Kunnuwa ya juya a hankali ya dubi Kaka. Tana tsaye a gefensa, bakinta a rufe gam. Muryarta ce. Ba ta kai ta yanzu rawa ba, amma tata ce.

"Na ce miki in ina ɗauka kada ki shigo," muryar Malam ta amsa, yana dariya. "Yanzu kin shiga darasin yara."

"Su ji mana. Su san malaminsu bai yi wanka ba."

Kunnuwa ya cusa mabuɗi, sau uku yana kuskuren ramin, ya tura ƙofar.

Ƙura ce ko'ina, da kujerar Malam, da tabaransa a kan buɗaɗɗen littafi. A kan tebur, tsakanin tulin takardu, wani ɗan jan haske yana ci. Tsohon rediyon kaset ne, irin mai juya kaset da kansa, maɓallinsa a danne, kaset yana ta zagayawa. Wayarsa tana jone a bango.

Ya jingina da ƙofa yana haki. "Wa ya taɓa wutar gidan nan kwanan nan?"

"Mai gyara ya zo makon jiya. Ya ce layin bayan nan ya fi shekara a mace, ya haɗa shi."

"To shi ke nan. Kaset ɗin darasi ne da yake ɗaukar wa ɗalibansa. Malam yana cikin saurarensa wuta ta ɗauke, ya bar shi a danne. Shirun nan da yake yi, wuri ne ya bar wa yara su maimaita." Ya share gumi. "Ba ke yake kira ba. 'Yan aji biyu yake kira."

Kaka ta shiga ɗakin da kaɗan-kaɗan, ta share kujerar da gefen zanenta ta zauna. A kaset ɗin Malam ya koma Turancinsa. Ta ɗora hannu a kan rediyon, ta bar shi a nan. Kunnuwa ya ga haɓarta tana rawa, sai ya juya yana duba kantar littattafai, ya daɗe yana neman koren littafin da yake gabansa ƙuru-ƙuru.

"Ashe ma ba ni yake nema ba," ta ce can, tana jan hanci. "Ka ga halin maza? Kwana biyar ina shiri."

"Wa zai neme ki? Can ma hutawa yake. Shekara hamsin ana bin sa da ruwan wanka."

"Kai kuma da ka tsaya kana yi wa akwati ihu? Shi kanot! Shi kanot! Wallahi sai na ba 'ya'yanka labari, in ka samu mai haifa maka."

"Ni na cece ki."

"Daga rediyo."

"Ai ban san rediyo ba ne lokacin."

Ta dube shi, ta daɗe. "Na sani," ta ce. Sai ta kawar da kai. "Mayar min da shi baya, wurin da na shigo."

Ya mayar. Suka sake ji. Ta sa ya sake mayarwa.

"Kaka, ki ba ni kaset ɗin nan kwana biyu. Ya fi littafin amfani. Can I take it?"

"Yaya ake cewa a'a, irin mai ƙarfin nan, wadda ba roƙo a bayanta?"

"You must not."

Ta miƙe zaune, ta nuna shi da yatsa kamar yadda Malam yake yi. "Yu mos not. In kana son darasi ka zo nan ka zauna a ƙasa, ka saurara, ka fassara min. Yau da gobe. Ni ce mai duba aji."

Kunnuwa ya fashe da dariya har ya dafa tebur. "Na sallama. Minti goma kin koyi abin da na shekara ina faɗuwa a kai."

"Ai basira ba a gadonta sai ta wajen aure." Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Wata baƙar kwat ce a rataye cikin leda. "Sauko da ita. Da ita ya je neman aikinsa na farko, aka ɗauke shi. Ba za ka je min gaban mutane da rigar nan mai warin man mota ba."

Ya cire ledar ya saka. Kafaɗa ta zauna daidai, amma hannayen sun tsaya masa can sama da wuyan hannu.

"Ta yi min kaɗan."

"Kwat ɗin daidai take," in ji Kaka. "Kai ne ka yi yawa. Zauna, danna mana."