Rasuwar Attaruhu, Motar Da Ba Ta Taɓa Cewa Babu Wuri Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau ƙaurin roba bai sake shi ba, ni Mas'udu Sharif, mai shagon takalma a Zhanxi Lu, nake sanar da 'yan uwa mazauna Guangzhou da na gida rasuwar motata, wadda aka fi sani da Attaruhu. Ta cika ranar Asabar da ta wuce a filin tseren motoci da ke bayan gari, tana kan aiki. Ni da nake cikinta ko ƙwarzane ban yi ba, domin har ƙarshen ranta ba ta yarda wahala ta kai ga mai ita ba.

Marigayiyar 'yar ƙarama ce, ja, gajera, irin motocin nan masu ƙofa a baya waɗanda mutum zai raina sai ya ji kukan injinsu. In aka tada ta da safe takan yi "gurrr", kamar dattijon da zai yi magana a taro. In aka ɗaga ƙafa daga totur kuma sai ta amsa da "fat-fat-fat" ta salansa, har masu gadin layinmu suka saba, suka daina neman wurin ɓuya.

Ba da ka na zaɓe ta ba. Motoci biyu muka tarar a wajen dillali, ni da abokina Ismaël Tankari, ɗan Maraɗi mai harkar yadi. Ɗaya fara ce mai ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa, an ma cire mata kujerar baya don ta yi sauƙi. Ɗayar ita ce marigayiya. Ismaël ya duba inji, ya duba birki, ya tsuguna ya shafa taya. Ni kuwa but na buɗe, na ga kwalin takalmi zai shiga har ya juya, nan take zuciyata ta kwanta. Ya ɗauki farar, ya raɗa wa tawa suna motar cefane. Tun daga ranar, ko a ƙofar Masallacin Huaisheng muka haɗu bayan Juma'a sai ya tambaye ni ya kasuwa, ya cefane. Abin ya ishe ni, na ci alwashi a gaban jama'a cewa ranar da aka buɗe filin tsere kowa ya shiga da motarsa, farar nan bayan motar cefane za ta gani. Maganar ta kai Kano, ta kai Maraɗi.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. A garin nan da kowane shago ka shiga kana iya jin "meyo", wato babu, ita ba ta taɓa ce wa kowa babu wuri ba. Ta ɗauko baƙi daga filin jirgi da akwatunansu, ta kai marasa lafiya asibiti, ta taɓa ɗaukar mutum shida da injin markaɗe ba ta yi ƙorafi ba. Aibinta ɗaya shan mai, kuma na yafe mata.

Ciwon ajalinta ya fara ne tun ranar Juma'a, lokacin da jama'a suka gano cewa filin tseren yana wajen Baiyun ne, inda ake kai kayan jirgi. Kowa ya ce ai hanya ce. Mu kuwa an san mu, ba a ganin mota za ta fita fayau a ƙyale ta, kuma ba a mayar da sallahu. Kafin magariba but ya cika, kujerar baya ta cika. Wasu kwalayen ma maiɗakina Saffana ce ta karɓa, ban tambayi na wane ne ba.

Da muka isa filin na tarar 'yan China suna cire safaya da shimfiɗar ƙasa, wani har gorar ruwa ya fitar don kada ta yi masa nauyi. Mai duba motoci ya leƙa tawa ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce a sauke komai. Na sauke, na jera a gefe. Zagayen safe kuwa ba a magana. Marigayiyar ta ji kanta sakayau, ta riƙa shiga kwana tana fita kamar ba ita ce mai injin markaɗe ba, Ismaël bai ga komai ba sai jan bayanta. Ya ce na safe gwaji ne, na yamma shi ne magana.

Ana dab da kiran na yamma hadari ya haɗo, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Na dubi kwalayen mutane a fili, na dubi sama. Duk mai cewa da na bar su, to bai san amana ba. Na shiga mayar da su mota da gudu, Ismaël ya ajiye lemarsa ya zo da kansa.

"Kawo in kama maka, Alhaji," in ji shi, "kayan mutane ne."

Haka ta shiga fili da bayanta a ƙasa. Duk da haka tana gaba, Allah shi ne shaida, da mutanen da ke tsaye a bakin shinge. Na fara jin ƙauri, na ce mata ta daure saura kaɗan. A kwanar ƙarshe na taka birki, ƙafata ta nutse kamar na taka tuwo. Ta zarce cikin tsakuwa, ta rungumi tayoyin da aka jera a bango, ta yi wani dogon "tsssss", ba ta ƙara cewa komai ba. Farar ta zo ta wuce tana hon, wanda na karɓa a matsayin gaisuwar ta'aziyya ta farko.

Bakanikenta, wani dattijo mai suna Lao Fang, ya duba ta ya rufe bonet a hankali ya girgiza kai. Kwalayen kuwa ko ɗaya bai jiƙe ba. Wajen sauke su ne muka ga waɗanda suka fi nauyi, tukwanen ƙarfe ne, an rubuta musu Zeinabou Tankari, Maraɗi, wato matar Ismaël. Na juya na dube shi.

"Wallahi ba makirci ba ne, Alhaji," ya ce. "Tawa ba ta da place, ba wurin sa kaya, taka kuwa kowa ya san ta."

Marigayiyar ta rasu ta bar safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da makullai biyu, da hular kwano mai tabo a goshi. Ta bar Saffana, wadda ta koma hawan jirgin ƙasa tana cewa ita dama ta faɗa. Ta bar ni, da har yanzu nakan laluba aljihu in na fito daga shago, sai in tuna. Ina kewarta ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a shagona daga azahar zuwa la'asar, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa su guji cewa da farar na ɗauka. Ismaël ya riga kowa zuwa, kuma ya faɗa a gaban mutane cewa har kwanar ƙarshe bayanta yake kallo, don haka maganar ta mutu, a sanar da Maraɗi. Da ya shanye shayinsa ya tambaya ko tukwanen Zeinabou za su samu wuri, tunda jirgi ya wuce su. Na ce akwai, domin ita ma abin da za ta ce ke nan.

Ba za a yi mata sallah ba, mota ce, liman ya riga ya ja mini kunne. Ranar Laraba za a sa gawar a kwantena zuwa Kano, inda za a raba sassanta ga mabuƙata a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Masu sallahu su kawo kafin ranar, but da kujerar baya a buɗe suke. Kujerar direba kaɗai nake roƙo kada a ɗora mata komai.