Bindigar Baba Tanko da Gangar Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a maƙerata ta unguwar Água de Meninos ba, ko da kuwa zan manta sunan jirgin bayin da ya kawo ni Bahiya ta ƙasar Birazil. Shekara huɗu ke nan bayan boren da bayi Musulmi suka yi a watan azumi, lokacin da baƙar fata ko tari ya yi da ƙarfi sai a ce makirci yake ƙullawa. Ni kuwa na fanshi kaina da kyar, na samu izinin ƙira, ina gyaran kwaɗo, fartanya da ƙafar keken shanu. Bindiga ba na taɓawa sai da takardar mai ita, domin barikin sojan doki na nan kusa, kuma kuskure ɗaya ya isa a rufe mini maƙera.

Da hantsi sai ga Baba Tanko. Jirgi ɗaya ya kwaso mu, shi ya riƙa ɗura mini ruwa sa'ad da zazzaɓi ya kusa kai ni lahira, saboda haka uba ne a wurina. Amma Allah ya gani, a duk masu kawo gyara babu mai wahalarsa. Gadi yake yi a gonar wani Bature a Itapagipe, ya zo da tsohuwar bindigar maigidan a naɗe cikin buhu.

"Ɗana, so nake ka gyara ta, amma kada ka kankare tsatsar nan, ado ce. Kada ka canza kunama. Kada ka buga mata guduma, ba ta son duka."

Na ce, "To Baba, me ke damunta?"

"Kai ne maƙeri, ni za ka tambaya?"

Na duba, na ga murfin gindin bututun bindigar ya cije, sai an gasa shi a wuta zai kwance. Ƙa'idar sana'a kuwa, kafin bututu ya ga wuta, sai ka zura sandar ɗuri ka auna ko da sauran albarushi a ciki. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar, sai Baba ya ɓata rai.

"Da hannuna na zazzage ta jiya. Wallahi babu komai ciki."

To, ka ji inda na shiga uku. Dattijo ya rantse, kuma ni in zura sanda a gabansa? Ai na ce masa maƙaryaci ke nan. Kunya ta kama ni, na mayar da hannuna na sosa ƙeya kamar dama abin da na yi niyya ke nan. (A garin nan har Turawa sun san ni da taurin kai, amma ga shi harara ɗaya ta tsoho ta narkar da ni.)

Na sa bututun a wuta. Baba ya ce wutata ta rago ce, ya ture ni ya karɓe zugazugi, yana zuga yana faɗa mini yadda maƙeran Zazzau suke yi. Ni kuma don kada in sha ƙasa, musamman da Iya mai ƙosai, wata Bayarabiya da ke suya a ƙofata, ta kasa kunne, sai na shiga cika baki. Na ce kakana da hannu yake ɗaukar jan ƙarfe, mu gidanmu ba a san tsoro ba, wuta ƙanwarmu ce.

Ban rufe baki ba sai daram!

Gaskiya ban san lokacin da na tashi sama ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne sojoji sun buɗe mana wuta kamar waccan shekarar. Na yi tsalle na faɗa gangar ruwan da nake tsoma ƙarfe, da kai na shiga, kafaɗuna suka cije, ƙafafuna suna sama suna harbin iska. Ruwan rabi ne, shi ya sa ban mutu ba, ina ɗaga baki ina ihu da gurɓataccen yarena na Fotugis cewa ba ni ba ne.

Daga cikin gangar na ji kofaton dawaki, na ji muryar saje yana tambayar wanda ya yi harbi, yana cewa yau za a rufe wurin nan. Na daina ihu, na yi lamo. Na ji Baba, ko gezau, yana miƙa takardar Baturensa, yana bayanin cewa rufin ɗaki kawai aka huda. Saje ya ce ina maƙerin.

Iya mai ƙosai ta ce, "Ga jikan mai ɗaukar wuta can."

Sojoji biyu suka ja ni ta ƙafa, na fito baƙi ƙirin, ruwan tsatsa na zuba daga gemuna, wandona ya tsaya a gwiwa. Saje ya dube ni, ya yi dariya har ya dafa dokinsa. Ya ce wa mutanensa su tafi, wai mutum irin wannan ko kaza ba zai yi wa bore ba. Haka maƙerata ta tsira, ni kuwa na fi wata guda ba na iya wucewa ta gaban kaskon Iya.

Da ƙura ta lafa, Baba ya tsamo bututun daga toka ya jujjuya shi.

"Ka ƙona mata tsatsar da na ce ka bari. Kuma wane irin maƙeri ne zai sa bindiga a wuta bai auna ba?"

Na ce, "Baba, ai kai ka rantse."

"Ni tsoho ne, ina mantuwa. Kai me ya hana ka?"

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini bindiga, ko limami ne, ina gaishe shi har ƙasa, in yarda da rantsuwarsa ɗari bisa ɗari, sannan in roƙe shi ya ɗan juya baya in zura sandata.