Kaset ɗin da ya mayar da ni Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Musa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ciwo, amma har yau in na bi ta unguwar Goudji, inda aka yi ta, sai in sunkuyar da kai.

A wancan zamani ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a gidanmu na gado a unguwar Mardjandafak ta N'Djamena, ni da Inna da ƙanwata Hadiza. Kullum in dawo gida murya a dushe, riga duk alli, na gaji da yara, na gaji da kaina. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai: wani kaset da na tsinta cikin tarkacen gwanjo a kasuwar Dembé. An rubuta sunan makaɗin da biro, wani baƙar fatar Amurka da ya yi suna wajen kaɗa jita, irin kiɗan nan da ake kira bulus. (Ba zan kama sunansa ba. Abin da na yi wa bawan Allahn nan ya isa haka.)

Shekara bakwai ina jin kaset ɗin nan a tsohuwar rikodar da babanmu ya bari. Ban taɓa yarda an sa shi a wata rikoda ba, kada ta cinye mini shi. Bayan la'asar sai in ɗauko ta zuwa gindin darbejiya inda muke shan shayi, in kunna, in lumshe ido, in fara karantar da mutane.

"Ku dai ku saurara," nakan ce. "Yaran zamani gudu suke yi a kan tsirkiya kamar an biyo su. Shi kuwa dattijon nan jan sauti yake yi a hankali, kamar mai ɗauke da kaya a ka. Girman makaɗi ke nan, rashin gaggawa."

Akwai wani wuri a waƙa ta uku da jitar ke karkarwa kamar mai shessheƙar kuka, sai ta yi tsit, sai ta dawo. Nan nake ɗaga hannu in hana kowa kurɓar shayi. "Kun ji shirun nan? Ko wane jaki zai iya kaɗawa. Sai gwani ne ya san inda zai yi shiru."

Haka aka sa mini suna Farfesa. (Na ɗauka girmamawa ce. Allah ne kaɗai ya san nawa ne daga cikinsu suke jira in gama su sha shayinsu da zafi.)

Da auren Musa ya matso, sai ya zo mini da albishir. Yayansa Usman ya dawo daga Faransa, zai riƙa gabatar da shirin kiɗe-kiɗe a wani sabon gidan rediyon FM, yana neman wanda za su yi tare. "Na faɗa masa duk N'Djamena babu wanda ya san makaɗin bulus ɗin nan kamarka," in ji Musa. Ranar ban iya cin abinci ba. Na hango kaina na yar da alli har abada.

Ran walima na sa farar shadda, na zura kaset a aljihu. Bayan an ci an sha, maza na kan tabarmi, injin wuta na ruri a bayan gida, sai Usman ya fito da wata sabuwar na'ura mai cin kaset da faifan CD duka biyu. Lokacin faifan bai daɗe da shigowa gari ba. Mutum ne mai sanyin magana.

"Farfesa, ga tsarabarka," ya ce, ya danna.

Kiɗa ya tashi garau, da kuzari, murya matashiya. Waƙar na san ta, amma a guje ake yin ta. Na saurara kaɗan, na yi murmushin tausayi, na ɗaga murya yadda na bayan fage ma za su ji.

"Yaya Usman, wane yaro ne wannan?"

"Shi ne mana. Mutuminka."

"Haba! An cuce ka a can. Wannan ɗan koyo ne yake kwaikwayonsa. Ji yadda yake rawar kai! Ko takalmin dattijon nan bai isa ɗauka ba."

Usman ya miƙo mini kwalin faifan. Ga suna, ga hoto. Nan ya kamata in kama bakina. Maimakon haka sai na ce ai kwali kowa zai iya bugawa, na zaro kaset ɗina kamar mai zaro takobi. "Sa wannan, jama'a su ji na asali."

Ya sa. Kiɗa ya tashi da gudu, daidai da na faifan, ko gashi ɗaya babu bambanci.

Wani tsoho mai gyaran rediyo da ke gefe ya gyara zama ya ce, "Ya akhuy, ɗan'uwana, robar rikodarku ce ta saki. Tun babanku na da rai na ce masa ya kawo in canja." Ashe duk rashin gaggawar da na shekara bakwai ina yabo, roba ce ta tsufa.

Zufa ta jiƙa shaddar, amma ban sallama ba, ina jiran waƙa ta uku. Da jitar ta yi karkarwarta ta ɗauke, na miƙe tsaye. "To wannan fa! Akwai wannan a faifanka?"

Usman ya kashe na'urar. Ya ciro kaset ɗin, ya jawo zaren da ɗan yatsa, ya ɗaga shi sama. Wurin da shirun yake duk ya yamutse, ga wani jan ɗigo a tsakiya. Daidai lokacin Hadiza ta fito daga wajen mata ɗauke da faranti. Ta ga abin da ke hannunsa, ta dafe baki.

"Wayyo Yaya, ka yafe mini! Tun shekarar da ka sayo shi ne. Ka tafi makaranta na kunna, rikoda ta cinye. Tsoro ya sa na yanke wurin da reza na liƙe da jan farce."

Dariyar da aka yi, har amarya sai da ta aiko a tambaya ko lafiya. Musa ya kwanta a kan tabarma yana riƙe da ciki, ango guda. Ni kuwa takalmina na nema, da na ga ƙafa ɗaya ta ɓace cikin tarin takalma, na saka na wani na tafi.

Aikin rediyo dai ban samu ba. Na koma wa allina, kuma a kansa na yi ritaya. Amma bayan mako guda Usman ya yi sallama a ƙofar gidanmu da na'urarsa. Ya ce in zauna, in saurara, kada in yi bayani. Da ƙyar na iya. A karon farko na ji mutumin yadda yake: yatsunsa na gogar tsirkiya, yana rera layi ɗaya jitar na ba shi amsa, kamar miji da mata da suka daɗe tare. Na rasa abin cewa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

"Ka san girmansa?" in ji Usman yana naɗe waya. "Rikodarku ta ja shi a ƙasa, ƙanwarka ta yanka shi da reza, duk da haka ya riƙe ka shekara bakwai."

Tun daga nan, in yaran yanzu suka tambaye ni abin da ke sa makaɗi ya zama gwani, sai in ce su je su saurara da kansu, ni na gaji. In kuwa na ji bakina na ƙaiƙayin yi wa mutane bayanin wani abu mai zurfi, nakan fara kiran Hadiza in tambaye ta ko ta taɓa shi.