Tarwaɗa Mai Lofe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da allon ajinmu ya tona min asiri. Muna ajin ƙarshe a makarantar Midil, nan Haɗeja, zamanin Turawa. Aka ce Baturen makaranta zai zo daga Kano, kuma shi zai zaɓi masu wucewa kwaleji. Ni kuwa tuni na gama cika baki a unguwa cewa na tafi.

Malam Bukar, malamin ajinmu, ya raba mana allo, kowa ya zana wani abu na ƙasarmu. Wani ya yi kwalekwale, wani fadamar shinkafa. Ni (gwanin zane, in ji ni) na zaɓi tarwaɗa. Don kada rigar wani ta goge min aiki, na jiƙa allina a ruwan ƙaro. Da ya bushe, zane ya kama allo gam.

To, Baturen nan gashin bakinsa zaro-zaro ne, duk gari Tarwaɗa ake ce masa a bayan ido. Da safen zuwansa shaiɗan ya ja hannuna, na ɗora wa kifina hular Turawa, na maƙala masa lofe a baki. 'Yan aji suka yi ta dariya, ni ina hura hanci. Sai da muka ji ƙarar mota wajen hantsi na rarumi tsumma. Ina! Ashe da allin ƙaron na yi. Na tofa yawu, na dirza, kifi na nan yana zuƙar lofensa.

Sai na manna bayana da allo, na ƙame kamar dogari.

Bature ya bi zane ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Da Hausarsa ya ce, “Yaro, matsa mu gani.”

“Ranka ya daɗe, nan wurin ban ƙarasa ba.”

“Matsa mana, ɗan nan,” in ji Malam Bukar.

Na matsa gefe. A raina na ce kwaleji sai wata rana. Bature ya dubi kifi, ya murza gashin baki, ya sake duba.

“Kama ta yi,” ya ce. “Amma a cikin kogi, wa zai kunna masa lofen?”

Malam Bukar, Allah Ya jiƙansa, wani tari ya sarƙe shi har da hawaye, sai da ya fita waje. Bayan mota ta tashi ya ja min kunne sosai, yana ja yana tarin.

Kwaleji dai na tafi. Amma Bature ya koma ƙasarsu ya bar min sunan. Yau jikokina Baba Tarwaɗa suke kirana. Na koyi darasi: in za ka yi tsiya, yi da busasshen alli.